Yadda za ka ɗauki hoton duwatsun Rumsiki da kyamarar fim Mamiya RB67

Da farko ka kwana a Rumsiki, wani ƙauye a arewacin Kamaru, don hasken da kake nema na bayan sallar asuba ne, lokacin da rana ke taɓa kan duwatsun wurin, waɗanda ake kira duwatsun Kapsiki.

Ka sa fim 120, wato nau'in fim mai faɗi da wannan kyamara ke amfani da shi, a cikin inuwa. A wannan kyamara nadi ɗaya hoto 10 kawai yake bayarwa, kowanne girmansa kusan santimita 6 da 7, saboda haka ba a gaggawa.

Sai ka kafa kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku, nauyinta ya fi ƙarfin hannu. In ka leƙa ta sama za ka ga dama ta koma hagu. Kada ka rikice, haka take. Ka nemi wani abu na kusa, ko bukka ko itacen kuka, ya shiga gaban hoton, shi zai nuna girman dutsen.

Auna haske, ka sa ƙofar shigar haske a kan f/16. Zare farantin da ke rufe fim, ɗaga madubin da ke cikin kyamarar, sannan ka danna da igiyar ɗauka.

Ni dai na fi son watan Oktoba, ciyawa na kore. Da hunturu hazo yakan rufe nesa, kuma sai ka nannaɗe kyamarar da rawani saboda ƙura.