Yadda Ake Fita Kallon Murjani da Kifaye a Gaɓar Menai ta Zanzibar

Gaɓar Menai tana kudu maso yammacin tsibirin Unguja a Zanzibar, kuma tun shekarar 1997 hukuma ta killace ta domin kare murjani (halittar teku mai kama da dutse mai rassa) da kifaye da dolfin (dabbar teku mai kama da babban kifi) da ke cikinta, a faɗin da ya kai murabba'in kilomita 470. Yawancin jiragen da ke ɗaukar baƙi suna tashi da safe daga ƙauyen Fumba, su yada zango a wani tudun yashi da ke bayyana idan ruwa ya ja baya, su kai mutane wurin kallon ƙarƙashin ruwa, sannan a ci abincin rana a tsibirin Kwale. Na raka 'yan uwa wannan tafiya ba sau ɗaya ba, kuma duk wanda na ga ya dawo da takaici, abu guda ne ya kayar da shi, wato bai koyi numfashi ta bututu ba kafin ya faɗa ruwa mai zurfi.

Da farko ka zaɓi lokaci. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, ruwa kan yi duhu, a watannin Yuni zuwa Agusta kuma iskar kudu da mutanen wurin ke kira kusi tana tayar da igiyar ruwa. Kafin ka ba da ko sisi, ka tambayi mai jirgi ko kuɗin shiga yankin da aka killace yana cikin farashin, ko akwai rigar ceto ga kowane mutum, da kuma ko jagoran zai shiga ruwa tare da ku. A wurina, jirgin da jagoransa ke zaune a inuwa yana nuni da hannu, komai arharsa, ba abin hawa ba ne.

Idan an raba kaya, ka ɗora gilashin kallon ƙarƙashin ruwa, wanda ke rufe ido da hanci, a fuskarka ba tare da ka ɗaura igiyarsa ba, ka ja iska kaɗan ta hanci. In ya manne bai faɗi ba, daidai da kai yake. Mai gashin baki ya rage shi tun a masauki, ko ya shafa ɗan man shafawa mai kauri a ƙarƙashin hanci, domin ta nan ruwa ke tsiyaya. Ka tofa yawu a cikin gilashin, ka murza, ka ɗauraye, hakan na hana shi yin hazo. Mata su sa riga da wando masu kama jiki da ɗankwalin iyo, a bar abaya da dogon hijabi a jirgi, saboda idan sun jiƙe suna nauyi kuma suna naɗe ƙafa.

Yanzu ga matakin da ake tsallakewa. Lokacin da aka sauke ku a tudun yashi, kowa zai ruga ɗaukar hoto, amma kai ka ɗauki gilashinka da bututunka ka shiga ruwan da bai wuce ƙugu ba. Ka riƙe bakin bututun da haƙora a hankali, ka rufe shi da leɓe, ka sunkuyar da fuska cikin ruwa, ka yi numfashi ta baki kawai, a natse, har sau goma. Bayan haka ka nutsar da kai da gangan har bututun ya cika, ka ɗago kaɗan, ka fesar da ruwan da ƙarfi kamar mai cewa "tu", sannan numfashin da zai biyo baya ka ja shi sannu, harshenka na taɓe da ganda domin ya tare ragowar ruwan. Ka maimaita har jikinka ya daina firgita. In abin ya ƙi, ka juya rigingine, ka cire bututun, rigar ceto za ta riƙe ka.

Ni kaina ban yi wannan ba a fitata ta farko. Igiyar ruwa ta cika mini bututu, gishiri ya sauka a maƙogwarona, na fizge gilashin ina tari, ƙafata na laluben abin takawa, sai na dira a kan murjani. Na yanke a idon sawu, kuma na karya reshen da ya ɗauki shekaru yana girma, domin murjani halitta ce mai rai da ke tsiro a hankali ƙwarai. Har yau wannan ɓarnar ta fi ciwon damuna.

Idan an isa wurin kallo, ka sauka bayan jagora, ka kwanta a saman ruwa, ka riƙa kaɗa ƙafa daga cinya ba tare da fantsama ba, kuma ka ɗaga kai jefi-jefi ka duba inda jirgi yake, domin ruwa na jan mutum bai sani ba. Kada ka taɓa komai, kada ka ba kifi abinci, kada ka ɗauko ƙwanson katantanwa ko guntun murjani, kuma ka yi hattara da bushiyar teku mai baƙaƙen ƙayoyi. In dolfin sun bayyana, kada ku matsa wa matuƙi ya bi su.

Rana tana ƙona baya da ƙwauri, don haka ka rufe su, ka sha ruwa da yawa. Mai jiri a jirgi ya sha maganinsa tun kafin a tashi daga Fumba, kuma duk wanda murjani ya yanka ya wanke wurin da ruwa mai daɗi da sabulu da zarar an koma tudu.