Idan karen maƙwabci ya ciji ɗanka: yadda na nemi haƙƙin 'yata

Ranar wata Laraba da La'asar 'yata ta uku, mai shekara 9, tana dawowa daga Islamiyya, karen gidan da ke kwanar layinmu ya fito ta ƙaramar ƙofar da mai gadi ya bari a buɗe, ya cafke ta a sharaɓa. Haƙora huɗu suka shiga. Sai da muka yi wata biyu da rabi kafin mai karen ya biya, kuma ba mu kai ga zaman kotu ba. Ni ba lauya ba ne, kayan masarufi nake sayarwa a nan Kano. Ɗan yayana ne lauya, shi da limamin masallacinmu suka riƙa ɗora ni a hanya. Abin da suka koya mini da wanda na koya da asarar aljihuna, shi zan zayyana.

Da farko dai maganar kuɗi ta jira. Ka kai yaron bakin famfo, ko ka sa a riƙa zuba ruwa da buta, a wanke wurin da sabulu har minti 15, ka duba agogo, don yana da tsawo fiye da yadda kake zato idan yaro na kuka. Kada ka bari a zuba toka ko barkono ko man birki, duk an kawo mana shawararsu a ƙofar gida. A ranar za ku je asibiti. Abin tsoro a cizon kare shi ne ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya a tashi; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara. Allurar rigakafinsa ba sau ɗaya ake yi ba. Tamu an yi ta a ranar cizon, sai rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28. Idan haƙori ya huda fata akwai wata allurar daban da ake yi a cikin raunin kansa, ka tambayi likita game da ita, da kuma ta tetanus.

Tun a ɗakin likita shari'arka take farawa, ko da ba ka da niyyar zuwa kotu. Ka roƙe shi ya rubuta a kati cewa cizon kare ne, da rana da lokaci da gurbin haƙoran da wurin da suke a jiki. Ka ɗauki hoto kafin a ɗaure ciwon, ka ci gaba da ɗauka duk mako. Daga baya ka nemi rahoton likita mai hatimin asibiti. Akan biya kuɗinsa, shi ma ka karɓi rasit.

Kafin mu dawo daga asibiti samarin layi sun taru da gorori za su kashe karen. Da ƙyar mai unguwa ya hana, kuma ya yi mini gata. Ana tsare karen da ya yi cizo a sa masa ido kwana 10; in ya wuce su lafiya ƙalau, hankalinka ya kwanta ta fuskar hauka. Ba a jiran kwanakin nan kafin a fara allura, tare suke tafiya. Ka nemi mai karen ya nuna katin rigakafinsa, ka kira likitan dabbobi ya gan shi. In kuwa an riga an kashe shi, kada a jefar da kan, a kai wa likitan dabbobi a gwada ƙwaƙwalwar. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana wannan gwaji. Akwai kuma dalilin shari'a. In karen ya mutu aka binne, mai shi zai iya cewa ai karen bola ne ya ciji yarinyar, ba nasa ba, har ma ya juyo yana neman kuɗin karensa. Ka ɗauki hotonsa a cikin gidan ko a bakin ƙofar in da hali.

Washegari na je wa ɗan yayana da zafina, ina cewa kare na maƙwabcina Alhaji ne, cizo kuwa ga shi, me ya rage? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Baffa, tambaya ɗaya alƙali zai fara yi: kafin ranar nan, Alhaji ya san karensa na cizo?"

Dokar da muka gada daga Ingila ta raba dabbobi gida biyu. Wanda ya ajiye zaki ko kura, duk ɓarnar da suka yi tana wuyansa, babu tambaya. Kare kuwa ana lissafa shi cikin dabbobin gida, don haka sai ka nuna mai shi ya san yana da halin far wa mutane. In ka nuna haka, ko sarƙa bakwai ya sa masa ba za ta fishe shi ba. Kuma ba lalle sai karen ya taɓa cizon wani har jini ya fita ba, ya isa a ce ya taɓa yunƙurin cizo kuma labari ya kai ga mai shi. Ya ba ni misalin shari'ar Daryani da Njoku ta 1965, wadda ɗaliban lauya a Najeriya ke karantawa: karen ya taɓa cizon 'yar aikin gidan, aka gaya wa matar gidan, kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne, ta ɗora masa biya.

In ba ka da wannan shaidar, akwai ƙofa ta biyu, ta sakaci. Barin ƙofa a buɗe a layin da yara ke wucewa safe da yamma sakaci ne, kuma sakacin mai gadi a bakin aikinsa yana komawa kan wanda ya ɗauke shi aiki. Amma ta farkon ta fi ƙarfi, don haka na bazama neman wanda karen ya taɓa kai wa hari.

A nan ne aikin yake, kuma ba wanda zai yi maka shi. Ka tambayi masu wucewa ta ƙofar gidan kullum: 'yan ga-ruwa, almajirai, masu kwasar shara, mai kai burodi, masu gadin gidajen kusa. Ni mai shayin bakin layi ne ya tuna mini cewa da azumin bara karen ya yaga wa wani almajiri cinya, Hajiyar gidan ta ba shi kuɗin magani ta hannun mai gadi. Kwana uku na yi kafin na gano tsangayarsu. Na je na gaida malaminsu, na yi masa bayani, ya yarda yaron ya zo tare da babban ɗalibinsa. Tabon na nan. Kada ka ba mai shaida kuɗi, ko da sunan na mota ne, in ba a gaban mutane ba. Ranar da aka ji, shaidar ta zube.

Sai rasit. Kuɗin da ka kashe, kotu ba ta ƙiyasta shi, sai ka lissafa shi ɗaya bayan ɗaya ka kawo takarda. Na tara na allura, na magani, na wankin ciwo, na rahoton likita, suka kama naira 86,400. Kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti sau tara, da kwana huɗun da na rufe shago, ba ni da ko ƙyallen takarda a kansu, haka na haƙura da su. Da na sani da na sayi ƙaramin littafi tun ranar farko ina rubuta kowace fita da kwanan wata, in ajiye littafin cinikin shago ya nuna abin da nake samu a rana. Bayan wannan akwai diyyar raɗaɗi da tabo da firgici, wadda alƙali ke yankewa da nasa ganin. Ita ba ta son rasit, hotuna da rahoton likita take so. 'Yata ta yi sati uku ba ta yarda ta bi layin ita kaɗai, malamarsu ta Islamiyya ta rubuta mini haka a takarda.

Da kayan nan a hannu na je wajen mai unguwa. Shawarata ka fara ta nan, ko ta ofishin Hisba in akwai a garinku, don maƙwabci ne, gobe ku ne a sahu ɗaya, ku ne a jana'iza ɗaya. Na kuma kai rahoto caji ofis don a shigar a littafi da kwanan wata. Kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi hukunci ga mai sakaci da dabbar da ke iya jikkata mutane, kuma kotun da ta same shi da laifi tana iya sa shi ya biya wanda aka ji wa ciwo. Ni dai ban nemi a kama kowa ba. Na lura mutum in ya kwana a bayan kanta, kuɗin da zai ba ka sai ya gwammace ya ba lauya.

A zauren mai unguwa Alhaji ya zo da shirinsa. Ya ce ƙaddara ce, ya kuma kawo hadisin da ke cikin Buhari da Muslim cewa raunin da dabba ta yi ba shi da diyya. Gabana ya faɗi, don hadisin sahihi ne. Mai unguwa ya juya ya ce, "Allah gafarta Malam, me littafi ya ce?" Liman ya ce malamai sun fassara hadisin a kan dabbar da ta yi ɓarna ba tare da sakacin mai ita ba. Ya ce a Muhtasar na Shehu Halil, a babin jini, an ambaci wanda ya ajiye kare mai cizo bayan an riga an gargaɗe shi, kuma an ɗora masa lamuni. Na dubi ɗan yayana, ya dube ni. Tambayar da ya yi mini a ofishinsa ita ce dai Liman ya fito da ita daga littafin Malikiyya: an taɓa gaya masa? Sai aka shigo da almajirin.

Liman bai bar ni haka ba, ya faɗi wadda ba ta yi mini daɗi ba. A mazhabarmu ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, don a ga abin da ya bari. Gaɓoɓi suna da ƙayyadadden kaso daga cikakkiyar diyya ta raƙuma 100 ko dinare 1,000: ido ɗaya rabi, yatsa ɗaya raƙuma 10. Raunin tsoka irin na 'yata ba shi da adadi a rubuce. In ya bar aibi alƙali ya ƙiyasta, in ya warke sumul babu diyyar rauni a kansa. Don haka kada ka zo zaure kana kiran miliyoyi a kan cizon da ya warke, za ka zubar da girmanka, ka kuma ba wancan ɓangaren abin dariya. Kada kuma ka sa hannu a takardar "na yafe, magana ta ƙare" tun ciwo na ɗanye. Alhaji ya aiko mini da naira 20,000 a ambulan a rana ta biyu. Na karɓa, amma a gaban shaidu biyu, na rubuta cewa kason farko ne na kuɗin magani.

Ka kuma binciki naka ɓangaren kafin a bincika maka. In yaronka jifan karen ya yi, ko ya haura katanga ɗauko ƙwallo, ko ya shiga gidan ba sallama alhali ga gargaɗi a jikin ƙofa, abin da za ka samu zai ragu, wani lokaci ya tashi a babu. Ka zaunar da shi ka ji gaskiya tun a gida.

In sulhu ya ƙi, lauya ya rubuta wasiƙar neman biya, da jimillar kuɗi da wa'adi. In aka yi shiru sai kotu: ta shari'ar Musulunci idan ku duka Musulmi ne, ko ta majistare ko babbar kotun jiha gwargwadon yawan abin da kake nema. Yaro ba ya shigar da ƙara da kansa, uba ko waliyyi ke tsaya masa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya je ofishin hukumar Legal Aid na jiharsa. Kada ka yi ta jan ƙafa da sunan kara, domin doka ta sa wa irin wannan ƙara wa'adi, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. In karen na wata hukumar gwamnati ne abin ya fi gaggawa, don dokar da ke ba ma'aikatan gwamnati kariya tana iya rufe maka ƙofa bayan wata 3 kacal.

Ga wanda karen maƙwabci bai ciji kowa nasa ba tukuna amma yana bin yara da gudu, yau ne ranar zuwa wajen mai unguwa. In ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Ka je da mutum biyu, a kira mai karen a gaya masa a gabansu, ka bi da saƙon waya mai kwanan wata ka adana shi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa a sayo sarƙa.

Namu ya ƙare a zama na uku, bayan ciwon ya rufe ya bar tabo kamar faɗin kwabo. Aka rubuta takarda kwafi uku: Alhaji zai cika naira 86,400 na rasit, ya ƙara 50,000 na tabo, a biya kashi biyu cikin wata guda; za a yi wa karen rigakafi a nuna wa mai unguwa katin; ba za a sake shi ba sai bayan sallar Isha'i, kuma ƙofa a kulle. Ni da shi muka sa hannu, Liman da mai unguwa suka sa a matsayin shaidu. Na so a sa kuɗin maganin almajirin nan ma a ciki, Alhaji ya ce ai Hajiya ta riga ta biya tun bara, mai unguwa ya ce a rubuta hakan a takardar kamar yadda ya faɗa.