Kiɗan Anime na Bugun Turanci: Wuraren da Masu Nema Suka Fi Yin Tuntuɓe

Da yawa daga cikinmu da Turanci muka fara kallon anime, wato finafinai da shirye-shiryen zane na Japan, ko a tashoshin tauraron ɗan'adam ko a abin da aka tura mana a waya. Shi ya sa in mutum ya tashi neman kiɗan da ya ji a wani shiri, sai ya rubuta sunan shirin, ya ɗauki kundin da ya fara fito masa, ya saurara har ƙarshe bai ji abin da yake nema ba. Ba kunnensa ne ya yaudare shi ba. Shirye-shirye da dama kiɗa biyu gare su, akwai na Japan, akwai kuma wanda kamfanonin Amurka suka ɗora lokacin da suka mayar da su Turanci, kowanne da nasa faifan.

Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma Dragon Ball Z ne ya fi nuna shi a fili. Shunsuke Kikuchi ne ya tsara kiɗan shirin a Japan, Hironobu Kageyama kuma ya rera waƙar buɗewa, Cha-La Head-Cha-La. Da kamfanin Funimation ya ci gaba da fassara shirin a Amurka a 1999, sai aka ajiye kiɗan Kikuchi aka sa na Bruce Faulconer, kiɗan na'ura mai nauyi wanda kusan ba ya tsayawa daga farkon kashi har ƙarshensa. Faifan wannan kiɗa daban suka fito tun daga 2001, da sunan Faulconer a jiki. Wanda ya tashi da wancan bugun, ko zai kwana yana juya kundayen Kikuchi ba zai ji abin da ya sani ba. Sai kuma Dragon Ball Kai, sabon bugun shirin da aka taƙaita, ya ƙara dagula lissafin: Kenji Yamamoto ne ya yi masa kiɗa da farko, amma a 2011 kamfanin Toei da ya yi shirin ya cire kiɗan saboda an ga alamun kwaikwayon aikin wasu a cikinsa, aka mayar da na Kikuchi. Ke nan mutum biyu za su iya cewa sun kalli Kai, alhali ba kiɗa ɗaya suka ji ba.

Gyaran mai sauƙi ne, sai dai yana son haƙuri. Kada ka tsallake jerin sunayen da ke wucewa a ƙarshen shiri. Tsayar da hoton, ka nemi layin da aka rubuta mai kiɗa, ka duba kamfanin da ya yi fassarar da shekarar. Da sunan mai kiɗan za ka yi nema, ba da sunan shirin kaɗai ba.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne: ɗaukar cewa duk faifan da aka rubuta wa sunan fim, kiɗan cikin fim ɗin ne a ciki. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Amurka sun saba tara waƙoƙin mawaƙan da ke tashe su manna musu hoton fim. Faifan Pokémon: The First Movie da Atlantic Records ya fitar a 1999 yana ɗauke da Britney Spears, Christina Aguilera, NSYNC da M2M, kuma ya yi kasuwa sosai, amma ba shi ne kiɗan da ke tashi a ƙarƙashin faɗa da kuka a cikin fim ɗin ba. Wancan kiɗan, na bugun Turanci, a wani faifai daban Koch Records ya fitar da shi. Akwai kuma 2.B.A. Master na 1999, wanda waƙoƙin Turanci ne na shirin talabijin, har da waƙar buɗewar da Jason Paige ya rera. Kiɗan asali na Shinji Miyazaki kuwa ba ya cikin ko ɗaya daga cikin ukun. Haka Digimon: The Movie na 2000, faifansa cike yake da Smash Mouth da Fatboy Slim da ire-irensu, mai neman Butter-Fly, waƙar buɗewa ta Koji Wada, sai ya koma bugun Japan. In ka ga jerin sunayen mawaƙa daban-daban a bayan faifai, tarin waƙoƙi ne. In ka ga sunan mutum ɗaya da dogayen sunayen fage, to kiɗan cikin fim ne.

Finafinan Studio Ghibli suna da tasu sarƙaƙiyar, kuma a nan ne na fi jin tausayin mai saye, domin sunan mai tsara kiɗa Joe Hisaishi na kan kusan kowane faifai, sai mutum ya zaci duk ɗaya ne. Kafin a gama fim, Hisaishi kan fara fitar da wani kundi da ake rubuta wa Image Album, wanda ya tsara daga labari da zane-zanen farko. Karin waƙoƙin sukan yi kama da na fim, amma shirin kiɗan daban ne, wasu ma ba sa shiga fim ɗin sam. Bayan fim ya fito sai kundin ainihi ya biyo, wani lokaci kuma a sake fitar da wanda babbar ƙungiyar makaɗa ta buga, kamar na Princess Mononoke da aka ɗauka da makaɗan ƙasar Cek a 1998. Dukkansu masu daɗi ne, amma guda ɗaya ne kawai abin da ka ji a fim.

Castle in the Sky ya fi haka. Fim ɗin ya fito a 1986, kuma akwai wurare masu tsawo a cikinsa da babu kiɗa. Da Disney za su fitar da shi da Turanci, sai suka nemi Hisaishi da kansa ya faɗaɗa kiɗan, ya sake ɗaukarsa da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a birnin Seattle. Wannan sabon kiɗa ya fito a faifai a 2002, kuma akan rubuta USA Version a jikinsa. Mutum ɗaya, fim ɗaya, kiɗa biyu. A Kiki's Delivery Service kuwa waƙoƙi aka taɓa: bugun Disney na 1998 ya cire waƙoƙi biyu na Yumi Arai ya sa na Sydney Forest, daga baya a bugun 2010 aka dawo da na asali. Faifan Princess Mononoke da Milan Records ya fitar a Amurka a 1999 ma, muryar Sasha Lazard ce ke rera babbar waƙar da Turanci, alhali a Japan Yoshikazu Mera ne.

Wani abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne su sauke kundi guda don waƙar buɗewa, su tarar ba ta ciki, ko kuma su same ta guntuwa. A Japan waƙar buɗewa da ta rufewa galibi mallakar mawaƙin da kamfaninsa ne, su kaɗai ake fitar da su. Abin da ke shiga kundin shirin, in ma ya shiga, shi ne mai minti ɗaya da rabi, wanda ake rubuta wa TV Size. Mai son Gurenge, waƙar buɗe Demon Slayer, cikakkiya ya nemi mawaƙiyarta LiSA, ba Yuki Kajiura da Go Shiina da suka yi kiɗan shirin ba. Mai son Blue Bird, ɗaya daga waƙoƙin buɗe Naruto Shippuden, ya nemi ƙungiyar Ikimonogakari. A kundin Yasuharu Takanashi na Naruto Shippuden kiɗan fage zai samu.

Sannan kundi ɗaya ba ya cika ɗauke shiri gaba ɗaya. Duba Cowboy Bebop na 1998, aikin Yoko Kanno da ƙungiyarta Seatbelts. Faifan farko na da waƙoƙi 17, Tank! ce ta buɗe shi, amma The Real Folk Blues da ke rufe shirin ba ta ciki, tana kan ƙaramin faifai mai suna Vitaminless. Akwai kuma No Disc da Blue, sai Future Blues na fim ɗin 2001. Ga wani abu da kan sa mutum ya yi shakkar kansa: a kashi na 5, inda Spike, jarumin shirin, ke takawa zuwa coci, muryar Mai Yamane ce ke rera Rain, amma a faifan farko Steve Conte ne ya rera ta. Samurai Champloo ma kundi huɗu gare shi a Japan, Masta, Departure, Playlist da Impression, amma Katana da Geneon ya fitar a Amurka tsince ne kawai. Mai son aikin marigayi Nujabes, ɗaya daga masu kiɗan shirin, sosai ya nemi Departure da Impression. Kafin ka biya kuɗi ko ka ƙona data, buɗe shafin VGMdb, mai tattara bayanan faifan anime da wasannin bidiyo, ka karanta jerin waƙoƙin kowane bugu.

Ga mai sayen faifan CD ko na garmaho daga waje, jabu ne babban haɗari. Shekaru da yawa wasu kamfanoni a Taiwan, irin su SonMay da Ever Anime, sun yi ta buga faifan anime ba tare da izini ba, suka cika shagunan Amurka da Turai da su, kuma har yau suna yawo a kasuwar kwance ta intanet. Bugunsu kan yi kyau a ido, shi ya sa suke rudar mutane. Lambar da ke gefen kwalin ita ce mai tona asiri. Na kamfanonin Japan na halal, na Victor kan fara da VICL, na Tokuma da TKCA, na King da KICA. Faifan farko na Cowboy Bebop lambarsa VICL-60201. In lambar ta fara da SM, ko aka ce maka faifai uku ne a kwali ɗaya da kuɗin da bai kai na guda ba, bar shi. Ba ko kwabo da ke isa hannun mai kiɗan daga irin wannan ciniki. Abu ɗaya da ba sai ka damu da shi ba shi ne kullen yanki, wanda ke hana faifai yin aiki a na'urar wani yankin duniya: DVD ne ke da shi, faifan CD na Japan kuwa zai yi a kowace na'ura.

A waya ma jabun na nan, sai dai kamarsa daban. Tun da kiɗan Ghibli da na Cowboy Bebop suka hau manhajojin saurare a 2020, kuma Spotify ya shigo Nijeriya a 2021, an samu sauƙi ƙwarai. Amma kusa da kowace waƙa ta asali akwai tarin masu maimaita ta da hoton shirin a gaba. Gangara ƙasan kundin ka karanta ƙaramin layin da ke nuna kamfani da shekara. In ba ka sami mai kiɗa ba, juya sunansa, domin Japanawa sunan gida suke fara sawa: Kanno Yoko, Sawano Hiroyuki.

Akwai kuma masu raina duk wani bugun Turanci, su ce gurɓatacce ne. Ban yarda da su ba. Gaskiya ne an yi wa wasu shirye-shirye ɓarna, amma waƙoƙi huɗu na fim ɗin Your Name da aka yi da Turanci, ƙungiyar Radwimps ɗin da suka yi na Japananci su ne suka sake rera su, kuma jagoransu Yojiro Noda, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Amurka, shi ya rubuta baitocin. Kiɗan Castle in the Sky na biyu ma hannun Hisaishi ne, ba na wani ba. Wanda kuma ya tashi da Faulconer, ba laifi ba ne ya so abin da ya taso da shi.

Wani lokaci matsalar kan zo a juye, waƙa tana cikin faifai amma babu ita a shirin da ka kalla. Da Netflix ya ɗora Neon Genesis Evangelion a 2019, masu kallo a wajen Japan ba su ji Fly Me to the Moon a ƙarshen kowane kashi ba, an maye gurbinta da wani kiɗan piyano na Shiro Sagisu daga cikin shirin. In ka ci karo da ita a tsoffin kundayen Evangelion, ba kuskuren bugu ba ne, da ita shirin ya fara fita a Japan a 1995.