Yadda na gyara makunnin fitilar Beetle ɗina

Wata uku ina aikin farfaɗo da tsohuwar Volkswagen Beetle da na gada, irin waɗanda aka fara haɗawa a Legas a 1975. Bayan fenti na mayar da makunnan dashbod da kaina. Sai ga matsala: in na murɗa kan makunnin fitila don rage hasken mita, gaba ɗaya jikinsa ke juyawa ta baya. Wata rana har na ji ƙaurin roba, gabana ya faɗi.

Na fara cire kan batir, wanda ke ƙarƙashin kujerar baya, sannan na buɗe but na gaba, don ta nan ake ganin bayan dashbod. Ashe zoben da ke riƙe makunnin bai ɗauru ba, da filaya na matse shi sama-sama saboda tsoron kar in kankare fenti. Kowace waya tana da lambarta a jikin makunnin, jujjuyawar ta sa wayar lamba 30 tana gogar ƙarfe, ita kuwa kullum da wuta a jikinta ko an cire makulli.

Zoben yana da tsaga 2. Na samu guntun bututu, na goge bakinsa har ya fitar da haƙora 2 daidai da tsagar. Ƙanena ya riƙe makunnin ta baya, ni na ɗaure ta gaba. Na sake kan wayar da ta ƙone, na mayar da 30 ta wuta, 56 ta manyan fitilu, 58 ta ƙanana.

Yanzu ko motsi ba ya yi, fentin ma bai ji ciwo ba.