Masu zanen hayaƙi, ga inda kuke ɓata aiki

Duk baje kolin zane da aka shirya kan gurɓatar iska, abu ɗaya nake tararwa: dogon bututun masana'anta yana aman hayaƙi, ga ƙoƙon kai a gefe, ga duniya tana hawaye. Haba jama'a! Wa zai kalli wannan ya tuna da tarin da ya hana ɗansa barci? Hayaƙin da ke cin ƙirjin mutanenmu yana madafa inda ake hura ɗanyen itace, yana bakin janareta, yana bolar da aka cinna wa wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida kaɗai ya yi ajalin mutum miliyan 3.2 a 2020. Ku zana uwa a gaban murhu da goyo a bayanta. Mutanen Fatakwal da kunkunniya ta addaba tun 2016, tafin hannunsu da ya yi baƙi suka riƙa ɗauka a hoto, ya kuwa fi bututunku ratsa jiki.

Na biyu ya fi ƙona mini rai. Tun da aka kafa wani ƙaton farin huhu na kwaikwayo a harabar asibitin Sir Ganga Ram da ke Delhi a Nuwamban 2018, gurɓatacciyar iska ta sa ya dafe cikin 'yan kwanaki, kowa sai ya sayo farin yadi ya shanya a titi. To, a wane lokaci ka shanya? Wani yaro da muka yi aiki tare ya rataya nasa a tasha ana tsakiyar hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi ta rine yadin, direbobi suka ce "ai hazo ne", suka wuce. Kuɗin yadi da wahala duk suka bi ruwa. Ni sai damina ta kwantar da ƙura nake ratayawa, kuma yadi biyu rana ɗaya, ɗaya a bakin kwalta, ɗaya can cikin unguwa, kowanne da kwanan wata a jikinsa.

Kada ka rubuta PM2.5, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙazanta da ke yawo a iska, ka tsaya nan. Zana silin gashi, ka ɗiga ƙwayar a gefensa, don gashin ya ninka ta kauri kusan sau 30.

In da kunkunniya za ka haɗa tawada, sa takunkumi da safar hannu. Hoton yaro mai asma kuwa, sai da yardar iyayensa.