Ƙwallon Amurka na kan tebur: yadda sabon shiga zai zaɓi takalman 'yan wasansa

Wanda ya sauka Amurka tsakanin Satumba da Fabrairu zai tarar da hirar ƙwallo ko'ina, a wurin aiki da makarantar yara, amma ba irin tamu da ake bugawa da ƙafa ba. Tasu ta runguma da ture ce, mutum 11 a kowane ɓangare, kuma gasar NFL ce ke jan ragamarta. Hanya mai sauƙi ta koyon dokokinta a cikin ɗaki lokacin sanyi, kai da yara, ita ce wasan tebur da suke kira Electric Football. Kamfanin Tudor na birnin New York ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940, a 1967 kuma ya sami izinin amfani da sunaye da rigunan ƙungiyoyin NFL. Faranti ne na ƙarfe da aka zana filin wasa a kai, da ɗan inji a ƙasa da ke girgiza shi. Girgizar ce ke tafiyar da 'yan wasan roba.

Sabon shiga yakan kashe kuɗinsa a kan 'yan wasa masu kyan fenti. Kuskure ne. Ɗan wasan riga ce kawai. Gudu da ƙarfi da miƙewa galibi suna cikin 'yar robar da yake tsaye a kai, wadda a shago ake kira base, mu kuma bari mu ce mata takalmi. Ka kifa ɗaya a tafin hannunka, za ka ga siraran haƙora kamar na mataji, wasu a gaba wasu a baya, sun ɗan kwanta zuwa baya. Idan faranti ya girgiza, haƙoran nan ne ke tura shi gaba. Ɓangaren da ya fi turi shi ke yin gaba, sai ɗan wasan ya karkata zuwa ɓangaren da ya fi rauni. In bambancin ya yi yawa, ya dinga zagaye wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Iri biyu sun ishe ka farawa. Na farko shi ne Rookie, wanda haƙoransa a kafe suke, aikinsa ya miƙe gaba kawai. Na biyu Total Team Control, a taƙaice TTC, mai ɗan faifai a gaba da ake juyawa da yatsa domin ɗan wasa ya yi dama ko hagu. Akwai kuma Invisibase na Tudor, mai kamar gilashi, wanda ake sa wa haƙoran gudu ko na ƙarfi, da ProLine da gogaggu ke so. Waɗannan su jira. Wanda bai gane halin Rookie ba, mai tsada ma zagaye zai yi masa.

Gurbi 22 kake son cikewa, amma kada ka sayi 22 cif. Nemi kamar 40, kashi biyu cikin uku Rookie, sauran TTC. Dalili kuwa, ko daga leda ɗaya suka fito, halinsu ba ɗaya ba ne, kuma wasu ba za su taɓa moruwa ba.

Tantancewa ita ce ainihin aikin, kuma takan ci yamma guda. Fara da daidaita tebur, domin in ya karkata duk za su gangara gefe ɗaya, ka ɗora musu laifin da ba nasu ba. Goge farantin da busasshen ƙyalle. Rage girgiza har inda 'yan wasa ke sulalewa ba tsalle, don girgiza mai yawa kayar da su take yi. Sa wa kowane takalmi lamba da alƙalamin maka a bayansa. Jera biyar a layin gida, kowanne da ɗan wasa iri ɗaya a kai, saboda nauyi da tsayuwar ɗan wasa suna canza tafiyar. Kunna, ka ga wa ya riga kai layin yadi 50 na tsakiyar fili, wa kuma ya kai bai kauce ba. Maimaita sau uku, wanda ya yi kyau sau ɗaya sa'a ce. Daga nan gwajin ƙarfi: haɗa biyu gaba da gaba a tsakiyar fili, kunna na daƙiƙa 10, wanda ya tura ɗan'uwansa baya shi ya ci. Kiret ɗin ƙwai na kwali ya dace da rarrabawa: layi ɗaya na masu gudu, ɗaya na ƙarfafa, ɗaya na marasa alƙibla.

Ƙarfafa biyar su tafi layin gaba na masu kare mai jefa ƙwallo, huɗu kuma layin tsaro. Masu gudu a miƙe ka ba masu karɓar ƙwallo da mai gudu da ita. TTC ya fi amfani ga wanda kake so ya lanƙwasa, kamar mai zagayo layi daga gefe. Dubi goshin takalmin ma: mai faɗi yana riƙe abokin karawa, mai zagaye yana zame masa ya wuce. Masu karkata kaɗan kada ka zubar, wanda kullum yake yin dama zai yi maka aiki a gefen hagu, yana kutsowa ciki.

Gyaran haƙora, wanda 'yan wasan ke ce wa tweaking, a fara shi da yatsa. Shafa haƙoran zuwa baya a hankali, ka ƙara kwantar da na ɓangaren da yake karkata zuwa gare shi, ka gwada, ka sake. Filaya mai santsin baki tana baje haƙori ya ƙara laushi, amma mai zarto a baki tsinke shi za ta yi. Za ka ga gwanaye suna gilma wutar laita don cire ɓurɓushin roba. Ƙiftawar ido ta yi yawa, haƙoran sun narke, don haka koyi a kan marasa alƙiblar nan, kuma ba aikin yara ba ne. Kafin ka dafa takalmi a ruwan zafi ko ka liƙa masa nauyi, tambayi ƙungiyar masu buga wasan da kake son shiga. Da yawa sun hana dafawa, kuma sukan auna ɗan wasa da takalminsa a sikeli, wasu iyakarsu giram 4. 

Robar ba ta son zafi ko sanyi mai tsanani. Ledar da ta kwana a mota cikin hunturu a bar ta ta yi ɗumi a ɗaki kafin gwaji, kuma kada a ajiye ta kusa da hita. Ajiye takalma a kife, haƙora sama, don nauyi na kwantar da su. Tsofaffin saiti da ake samu da araha a shagunan gwanjo ko eBay sau da yawa farantinsu lafiya lau, takalman ne suka bushe, sai a sayo sababbi.

Injin yana da ƙugi, kuma benayen katako na can suna kai sauti ƙasa, don haka in kana da maƙwabci a ƙarƙashinka a tashi wasa kafin dare ya yi nisa. Mai niyyar kai tsohon saiti tsaraba Kano ko Maraɗi kuma ya duba bayan injin: na soket an yi su ne don wutar Amurka mai bolt 120, tamu ta haura 200, in babu na'urar rage wuta ƙonewa zai yi. Mai aiki da batir ba ruwansa da wannan.