Yadda Ƙananan Teloli a Kaduna Za Su Fara Ɗinkin Sari

Duk wanda ya san unguwar masana'antu ta Kakuri a da ya san irin asarar da Kaduna ta tafka. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles da suka biyo baya a shekarun 1960, sun ciyar da dubban iyalai kafin ƙarancin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da kwararowar yadin fasa-ƙwauri su durƙusar da su. Tayar da irin waɗannan masaƙu aiki ne na biliyoyin naira. Amma ɗinka tufafi da yawa domin kasuwa yana hannun telolin da ke Kasuwar Barci da Rigasa da Kawo, kuma ba sai sun jira gwamnati ba, muddin za su sauya tsarin aikinsu daga ɗinkin awon mutum ɗaya zuwa ɗinkin sari.

Abin farko shi ne tela ya zaɓi kaya iri ɗaya ya tsaya a kansa. A ganina babu abin da ya kai kayan makaranta dacewa da mai farawa, domin kowace makarantar boko da ta Islamiyya tana da launinta da fasalinta, gwanjo ba ya iya gogayya a nan, kuma buƙatar tana dawowa duk watan Satumba idan an shiga sabuwar shekarar karatu. Hijabi da wandon yara da rigunan ma'aikatan asibiti su ma suna da kasuwa, sai dai haɗa su duka tun farko yana raba hankali da jari.

Daga nan sai batun awo, kuma a nan ne mafi yawan teloli ke tuntuɓe. Mai ɗinkin sari ba ya ganin wanda zai sa rigar, saboda haka dole ya auna yara masu shekaru daban-daban, ya fitar da girma huɗu ko biyar, sannan ya yanka fasalin kowane ɓangare a kan kwali mai kauri, wato gaba da baya da hannu da wuya, ya rubuta lambar girman a jikin kowanne. Wannan kwalin shi ne dukiyar shagon, kuma bai kamata kowa ya taɓa shi da almakashi ba. Idan an zo yanka, a shimfiɗa yadin ninki-ninki a kan tebur mai faɗi, a jera kwalayen kusa da juna yadda ƙyallen da za a zubar ba zai yi yawa ba, a zana da alli, a yanke gaba ɗaya. Kafin a kai ga haka, a yanki guntun yadin a auna shi, a wanke da sabulu, a shanya, a sake aunawa. Yadin da ya motse ko ya yi zuba a wankin farko zai dawo da rigunan duka shago, kuma makarantar ba za ta sake ba da aiki ba.

Tela ɗaya da kekensa ba zai iya cika odar riga ɗari uku a kan lokaci ba, don haka haɗin gwiwa ya zama dole. Mutum biyar ko shida su raba aikin: wani yanka kawai, wani haɗa jiki, wani wibin (ɗinke gefen yadi don kada ya warware), wani maɓalli da zif, na ƙarshe guga da duba kowace riga kafin a naɗe ta. Hannun da ya saba da aiki ɗaya yana ƙara sauri da tsafta, sannan kuɗin janareta ko na sola da hayar shago sun ragu a kan kowa. Keken huda maɓalli yana da tsada, gara a riƙa kai wa mai shi ana biya har ciniki ya kankama. Matan da ke ɗinki a cikin gida ma za a iya kai musu yankakken kaya su haɗa, a biya su bisa yawan abin da suka kammala.

Wajen sa farashi, a lissafa yadi da zare da mai da kuɗin mota da ladan kowane ma'aikaci, har da ladan mai shagon kansa, kafin a ɗora riba. A sayi yadi bandir-bandir a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kantin Kwari a Kano, kuma a saye shi lokaci guda, domin launi ɗaya yakan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. A karɓi kafin alƙalami da zai isa sayen yadin, a rubuta yawan kaya da ranar bayarwa, kowa ya sa hannu. Saɓa alkawari ya ɓata wa sana'ar suna matuƙa, saboda haka wanda ya karɓi aikin makaranta kada ya cika shago da ɗinkin sallah a lokaci guda.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da buɗe asusun banki da sunan suna da muhimmanci, domin manyan makarantu da asibitoci ba sa son biya ta asusun mutum, kuma hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN da Bankin Masana'antu sukan nemi waɗannan takardu. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 003 ta 2017 ta umarci ma'aikatun tarayya su fifita kayan gida wajen saye, ciki har da kayan sarki, amma mai takarda ne kaɗai ke iya neman irin wannan aiki. Bashi kuwa a jinkirta shi har sai an samu masu saye tabbatattu. Adashi tsakanin abokan aiki ya isa sayen keken wibin na farko. A kuma ɗinka ɗan ƙyalle mai sunan shago da lambar girma a wuyan kowace riga, yadda uwar da ta ji daɗin kayan za ta san inda za ta koma idan yaron ya girma.